Ajin zane na ranar Asabar: abin da na gani cikin zango uku

Ni tela ne, kuma allin da nake shata yadi da shi ne ya fara tona asirin autata. Sai in ajiye sabon alli a kan teburin yanka, in je in dawo in tarar da guntu. Takardun da nake fitar da samfurin riga a kansu kuwa, duk wadda na juya bayanta sai in ga kyanwa, ko mota, ko wata mata mai hannuwa kamar rassan bishiya. Shekararta 10 a lokacin. Na yi faɗa har bakina ya gaji. Ranar da na tarar ta zana keken ɗinkina, da bel ɗinsa, da wurin taka ƙafa, har da 'yar lanƙwasar da ke jikin mariƙin zare wadda na ɗauka ni kaɗai na san da ita, sai na bar faɗa na koma cigiyar inda ake koyar da wannan abu.

A makarantarsu akwai darasin zane a jadawali, minti 40 a mako. Malamin lissafi aka ɗora wa shi, don babu wanda ya karanci fannin. Ban ga laifinsa ba. Yakan zana kofi a allo, yara su kwafa, ya bi da jan biro. Wanda kofinsa ya fi kama da na malam shi ne gwani. Wani mai kawo mini ɗinki ne ya ce ƙungiyar masu zane da sassaƙa ta yankinmu tana da ajin yara duk Asabar, daga ƙarfe 9 zuwa 12. Yanzu mun yi zango uku a can, kowane zango mako 10, ni kaina kuma na shiga ajin manya na yamma a zango na biyu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, mai daɗi da marar daɗi.

Ƙungiyar dai ta masu sana'a ce da suka haɗa kai: masu fenti, masu ginin yumɓu, masu sassaƙa, masu ɗaukar hoto, da tsofaffin malaman zane biyu da suka yi ritaya. Suna biyan kuɗin wata, suna hayar wani tsohon ɗakin ajiyar kaya mai manyan tagogi, duk wanda aka sayi aikinsa a baje kolin shekara kuma yana barin wani kaso a asusu. Daga wannan asusun, da ɗan abin da iyaye ke biya na rajista, ake sayen takarda da fenti. Masu koyarwa ba su da albashi, kuɗin mota kawai ake ba su. A riƙe wannan maganar, domin alherin wurin da matsalarsa duk daga nan suka taso.

Ranar farko na zauna a bencin baya da niyyar in ga kamun ludayinsu in koma bakin aiki. Yara 18 ne a ɗakin. Malamar, wata mata da za ta kai shekara 50, mai tabon fenti a kowane farce, ta ɗora wata tsohuwar kujerar katako a kan tebur a tsakiyar ɗaki ta ce kowa ya zana. Kafin minti biyar an gama. Kujeru 18, kowace da ƙafa huɗu reras, tsawonsu ɗaya kamar an auna. Ta zo ta tsuguna kusa da autata.

"'Yata, daga nan inda kike zaune, ƙafa nawa kike gani?"

Ta ɗaga kai ta duba. "Uku, Malama."

"To ta huɗun fa, a ina kika samo ta?"

"Ai kujera ƙafa huɗu gare ta."

"Gaskiyarki. Amma waccan kujerar cikin kanki ce. Ni wannan ta kan tebur nake so."

Daga nan ta raba sabuwar takarda ta ce kada kowa ya taɓa katakon. Su zana ramukan da ke tsakanin ƙafafu, da filin da ke tsakanin sandunan jingina, wato wuraren da babu komai. Yara suka yi ta ƙunƙuni. Amma da yake babu wanda ya taɓa haddace siffar rami, dole kowa ya duba. Bayan rabin awa aka jera takardun a ƙasa, sai ga kujera ta fito da kanta a tsakanin ramukan, a karkace yadda take a ido, kuma ta kowane yaro daban da ta maƙwabcinsa, domin kowa daga wurin zamansa ya hango ta. Ban koma wurin aiki ba ranar.

Abin ya taɓa ni ne saboda na san shi a sana'ata. Sabon yaron ɗinki yakan auna mutum, ya rubuta, amma in ya zo yanka sai hannunsa ya bi jikin da ya saba gani, kafaɗu daidai, baya a miƙe. Alhali kuwa yawancin mutane kafaɗarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Shekara guda nake yi ina raba yaro da wannan halin. Wannan baiwar Allah ta fara raba yara 18 da shi a safiya ɗaya.

Zangon farko gaba ɗaya babu launi. Fensir ne da gawayi. Wasu iyaye sun yi ƙorafi, har wata ta cire ɗanta a mako na huɗu, ta ce ita fenti ta biya wa. Ni dai ina ganin wannan haƙurin shi ne mafi darajar abin da suke sayarwa. A nan yara suka koyi awo da fensir: ka miƙe hannu sarai, ka rufe ido ɗaya, ka sa babban yatsa ka kama tsawon abu, sannan ka ga sau nawa wannan tsawon ya shiga faɗinsa. A nan kuma muka yi gardama da autata. Ta dawo gida ta ce idon mutum a tsakiyar kai yake, rabi sama rabi ƙasa. Na ce ƙarya ne, ido yana can sama kusa da goshi, shekara nawa ina kallon mutane. Ta ce, "Baba, ɗauko tef." Na ɗauko tef ɗina na awo, ta tsaya, na auna daga tsakar kai zuwa ido, daga ido zuwa haɓa. Kusan daidai suke. Na auna babarta, haka. Gashi da goshi ne ke yaudarar mutum, don ido ba ya kula da su. An kuma koya musu cewa tsawon baligi yakan kai kansa bakwai da rabi, tazarar da ke tsakanin idanu biyu kuma kamar faɗin ido ɗaya ce. Malamar takan ja kunnensu cewa wannan ma'auni ne na farawa, wanda ke zaune a gabanka shi ke da magana ta ƙarshe.

Akwai wani dattijo cikin malaman da suka yi ritaya, shi ke riƙe da makullin kabad ɗin kaya. Ba ya ba yaro fensir sai ya tambaye shi me zai yi da shi. A wurinsa na san ma'anar haruffan da ke jikin fensir, ni da na shekara ina sayen HB ban taɓa tambaya ba. H mai tauri ne, layinsa siriri, haske-haske. B mai laushi ne, baƙi, yana gogewa a yatsa. HB na tsakiya. Yadda lamba ke hawa, haka halin ke ƙaruwa, shi ya sa 6B ya fi 2B duhu nesa ba kusa ba. Ya ce babu dalma ko kaɗan a cikin fensir, wani baƙin ma'adini ne mai laushi, girafait, wanda aka samu mai kyau a Borrowdale ta Ingila tun ƙarni na 16. A 1795 wani Bafaranshe, Nicolas-Jacques Conté, ya gano a niƙa shi a kwaɓa da yumɓu a gasa. In yumɓu ya yi yawa fensir ya yi tauri, in ya yi kaɗan ya yi laushi. Dattijon ba ya zaunar da yara ya yi musu lacca. Yana fiƙe fensir da wuƙa yana ba da labarin, su kuma suna tsaye suna jiran nasu. Ranar da aka fara gawayi, wani yaro ya ɓata rai ya ce wannan ai kayan murhu ne. Dattijo ya buɗe wayarsa ya nuna masa dawakai da zakunan kogon Chauvet na Faransa, wanda aka gano a 1994, ya ce da gawayi aka yi waɗannan, shekara fiye da 30,000 ke nan. Yaron ya karɓi gawayinsa bai ƙara cewa uffan ba.

Launi ya zo a zango na biyu, shi ma da rowa. Ja, shuɗi, rawaya, sai fari. Babu kore a kabad, babu ruwan goro, babu shunayya, wanda ke so ya haɗa. Baƙi ma an ɓoye shi, domin yaro in ya ga inuwa sai ya lafta baƙi, zanen ya mutu. Aka koya musu cewa kowane launi yana da abokin hamayya: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. In ka ajiye su gefe da gefe kowanne ya ƙara haske, in ka gauraya su sai su kashe juna su koma toka-toka ko ruwan ƙasa, kuma da wannan ake yin inuwa mai rai. Ni da nake zaɓar zare kullum na san jan zare yana ihu a kan koren yadi, amma ban san dalili ba sai da 'yar shekara 11 ta bayyana mini. Wani shuɗi mai zurfi da suke amfani da shi, dattijon ya ce a da daga wani dutse mai daraja na duwatsun Badakshan a Afganistan ake niƙo shi, tsadarsa har ana gwada ta da zinariya, sai wajen 1828 aka iya haɗa irinsa a Faransa. Yanzu ga shi yara suna matse shi daga bututu kamar man goge baki. Shi kansa bututun, a 1841 wani mai zane Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro shi. Tun daga ranar autata ta daina barin murfi a buɗe.

Maganar takarda ita ma sai da na yi asara na fahimta. Na ga kamar almubazzaranci ne takarda mai kaurin da suka ce a saya, na ba ta irin ta firinta, wadda kowane murabba'in mita nata ke da nauyin giram 80. Fentin ruwa na taɓa ta sai ta kumbura ta yi tudu da kwari, launi ya taru a kwarin. Ta fentin ruwa giram 300 ce, tana shan ruwa ba ta motsi. Malamar ba ta kunyata ni ba. Ta ɗauko guda biyu daga wani akwati da suke kira akwatin kowa ta miƙa wa yarinyar. Wannan akwatin yana cikin abubuwan da suka fi burge ni. 'Yan ƙungiya suna zuba ragowar kayansu a ciki, guntun fensir, buroshin da ya ɗan tsufa, bututun da ya rage rabi, yankakkiyar takarda. Yaron da bai zo da kaya ba sai ya ɗauka, babu rubuta suna, babu tambaya. Na kuma lura akwai yara huɗu ko biyar da ba sa biyan rajista sam, kuma babu yadda za a yi ka gane su a cikin aji.

Ajin manya, wanda na shiga don kunya kada 'yata ta bar ni a baya, ranar Laraba ne da yamma, awa biyu. Mu 9 ne, har da wata ma'aikaciyar jinya da wani direba. Wani matashi mai zanen gine-gine ke ɗaukar mu. Ya fitar da mu baranda ya ce mu zana dogon layin tagogi. Nawa ya fito kamar ginin zai faɗo mini a ka. Ya zo ya ja layi ɗaya a kwance daidai tsayin idona, ya ɗiga ɗigo a kansa, ya ce duk layin da ke tafiya nesa, na sama ya sauko, na ƙasa ya hau, su haɗu a wannan ɗigon. Na sake, sai ga baranda ta nutse cikin takarda. Ya ce wannan dabarar, wani magini a Fulorans ta Italiya, Filippo Brunelleschi, shi ya gwada ta a farkon ƙarni na 15, Leon Battista Alberti kuma ya rubuta ƙa'idarta a 1435. Na ce, "Malam, wato shekara kusan 600 ana yin wannan, ni sai yau nake ji?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai gara yau da gobe."

A ƙarshen kowane aji, na yara da na manya, ana manna ayyuka a bango a tsaya a duba. Suna da doka guda: ba a cewa ya yi kyau ko bai yi ba sai an faɗi abin da aka gani. "Na ga hasken daga hagu yake zuwa, amma inuwar kofin ma hagu ta faɗi." Irin wannan. Da farko na ɗauka yara ba za su iya ba. Sun fi mu iyawa. Mu manya ne muke ta kwana-kwana kada mu ɓata wa juna rai.

Ba a ɗakin kaɗai aikinsu ya tsaya ba. Sau ɗaya a zango suna aika mutum biyu zuwa makarantun da suka nema, da kwalin kaya, su yi yini guda. A lokacin dogon hutu kuma suna yin bita ta kwana uku ga malaman firamare da aka ɗora wa darasin zane ba tare da horo ba. Ni na kai wa malamin lissafin nan takardar gayyata, ya kuma je. Autata ta ce yanzu ya daina zana kofi a allo, yana kawo kofin ne ya ajiye a tebur. A ganina wannan bitar ta fi ajin Asabar nisan zango, domin malami ɗaya yana gaban yara fiye da yadda ɗakin ƙungiya zai iya ɗauka a shekara. Abin takaici, ita ce ake fara yankewa in asusu ya yi ƙasa.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Wanda ba ka biya albashi, ba ka da bakin tsare shi. A zango na biyu malamar nan ta samu aikin fentin bango a wani gari, ta tafi mako uku. Ba na ƙin ta da samu, da wannan take ci. Amma babu wanda ya sanar da mu. Asabar ta farko muka tarar da ƙofa a kulle, yara suna zaune a dakali har ƙarfe 10. Ta biyu aka turo wani saurayi mai kirki wanda bai san inda aka tsaya ba, ya ce kowa ya zana abin da yake so, wato an koma gidan jiya. Ta uku aka sa sanarwa a zauren WhatsApp na iyaye da ƙarfe 8 da rabi na safiyar ranar, muna kan hanya. Babu rubutaccen tsarin darasi da wani zai ɗauka ya ci gaba. Komai yana cikin kan malamar, in ta tafi ta tafi da shi. Da na yi magana, sakatare ya ce mini, "Ka san aikin sa-kai ne." Na sani. Amma kuɗin rajista da muka biya ba na sa-kai ba ne, kuma makonnin ukun ba a rama su ba.

Sai maganar yumɓu, wadda har yau autata ba ta yafe ba. Sun yi mako biyu suna gina ƙananan dabbobi. Ta yi kunkuru, ta zauna ta tsaga kowane gida na bayansa da tsinke. Yumɓu dole ya bushe sarai kafin ya shiga wuta, domin ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 1,000, in da sauran ruwa a ciki sai ya zama tururi ya fasa abin. Mai kaurin jiki kuma sai an raraƙe cikinsa. Wanda ke kula da tanderun yana sauri don ya haɗa da nasa kayan, ya zuba na yara bayan kwana huɗu kacal. Fiye da rabi suka tarwatse, waɗanda suka fashe kuma suka ɓata na kusa da su. An ba yara haƙuri, amma ba a gaya musu dalili ba, sai ni na tambaya a gefe. Wannan ya ba ni haushi fiye da fashewar. Wurin da ake koya wa yaro ya faɗi abin da ya gani, ya kamata a tara su a nuna musu ɓaraguzan a ce ga kuskurenmu, ga abin da ruwa ke yi a cikin wuta.

Ɗakin ma yana da nasa. Famfo ɗaya ne na wanke buroshi, yara 18 a layi, minti 20 na ƙarshe a nan suke tafiya. Manyan 'yan ƙungiya masu fentin mai suna aiki a ɗakin ranar Juma'a da dare, su bar gwangwanayen sinadarin wanke buroshi a buɗe, da safe wari ya cika wurin. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, ba kamar akirilik da yara ke amfani da shi ba mai bushewa cikin mintuna, don haka sau biyu yarinyata tana dawowa da hannun riga ya sha aikin wani. Sannan an haɗa ɗan shekara 7 da ɗan shekara 15 a aji ɗaya. Ƙananan suna gajiya, manyan suna jin an raina su. Cikin samari da 'yan mata biyar da na tarar a zangon farko, ɗaya ce ta rage. Su ne kuwa suka fi bukatar ƙungiyar, domin su ne ke dab da neman makarantar gaba, inda za a ce su kawo tarin ayyukansu a gani. Ana taimaka wa wanda ya roƙa, amma babu wani aji da aka ware musu.

Na taɓa zama da dattijon mai makulli na zazzage masa duk wannan. Bai musa ko ɗaya ba. Ya ce masu zane su haɗu su koyar da na baya ba sabon abu ba ne. A Niyok ta Amurka, ɗalibai ne da kansu suka kafa Art Students League a 1875, babu digiri, babu maki, ɗalibi ya zaɓi malamin da yake so, kuma har yau tana nan, shahararrun masu zane irin su Georgia O'Keeffe da Jackson Pollock duk sun zauna a cikinta. A Zariya kuma wasu ɗaliban kwaleji, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun kafa tasu ƙungiyar a 1958. Ba ta daɗe ba, amma mutanenta suka watsu suka yi ta koyarwa shekaru da dama. Ya ce a tasu ƙungiyar kowa yana son ya riƙe buroshi, babu mai son ya riƙe littafi. Na ce wannan kam na gani.

Baje kolin ƙarshen shekara ya haɗa mini mai daɗin da marar daɗin a yini ɗaya. An share ɗakin, an shafa farin fenti a bango, an rataye aikin yara a ɗaki ɗaya da na manya, kowanne da firam na kwali da 'yar takarda mai suna da shekaru da abin da aka yi aikin da shi. Wannan girmamawa ce ta gaske, yara sun ji ta a jikinsu. Autata ta kai keken ɗinkina, wannan karon da gawayi, a babbar takarda. Ƙafa uku ake gani. Ta bar farin takarda a inda hasken taga ke faɗa wa ƙarfen, ta goge da yatsa a inda fentin keken ya cinye saboda hannuna. Na tsaya a gabansa na rasa abin cewa. Amma a bayan ƙofa aka rataye shi, ƙasa-ƙasa, inda duk wanda ya shigo sai ƙofar ta rufe shi. Bangon da ke fuskantar masu shigowa kuwa, cikin ayyukan yara shida da ke kansa, huɗu na 'ya'yan 'yan ƙungiya ne. Wataƙila ba da gangan ba ne, wanda ya zo rataya ya fara da wanda ya sani. Yara dai sun lura, kuma sun ƙirga kafin mu. Sunan wani yaro ma an rubuta shi ba daidai ba, uwarsa ta gyara da biro.

Duk da haka, in wani ya tambaye ni ko ya kai ɗansa, zan ce ya kai, in yaron yana tsakanin shekara 9 da 13 kuma shi ke so, ba iyaye ke so masa ba. Malamar ta ce a wannan shekarun ne yara da yawa ke ajiye zane, lokacin da idonsu ya fara gane cewa abin da suka zana bai yi kama da abin ba, kuma babu mai nuna musu yadda za su gyara. Wanda bai kai haka ba, a bar shi ya yi ta wasa da launi a gida. A sayi fensir HB da 2B da 6B, da magogi mai laushi, da littafin zane mai girman A3, kada a sayi akwatin fenti mai kala 24, ba za a bari ya buɗe shi ba. A sa masa tsohuwar riga. A karɓi lambar malamar kanta, kada a dogara da zauren iyaye. Wanda kuma yake neman takardar shaida ko maki, ba a bayarwa a nan.

Mun sake rajista a zango na huɗu. A taron iyaye na tashi na faɗi abin da na rubuta a nan, ban rage komai ba. Aka yi shiru, sannan ma'aji ya ce tunda na iya lissafin laifi, ko zan iya riƙe littafin halarta da jadawalin masu koyarwa. Na rasa hanyar zillewa. Littafin da aka miƙo mini, rubutu na ƙarshe a cikinsa na shekara biyu da suka wuce ne. Na kuma ɗinka musu rigunan aiki 20 daga ragowar yadi, kowace da aljihun buroshi a gaba. Yanzu duk ranar Alhamis ina kiran wanda ke da aji in ji ko yana nan, in ba ya nan in nemi wani tun da wuri. Malamar ta yarda ta riƙa rubuta layi uku bayan kowane darasi, abin da aka yi da abin da ke gaba, ko da yake sai na bi ta da biro. Asabar ɗin da ta wuce yara 21 na rubuta, an ware manyan su biyar a baranda da matashin nan mai zanen gine-gine. Famfon dai har yanzu ɗaya ne.